Lambobin da Direkta Ya Jera

Da wuya in manta da ranar da Direktanmu ya riƙe lasifika a wani ƙauye na yankin Hawandawaki, ya ba jama'a labarin ɓarnar da ya yi da hannunsa yana murmushi, aka kuma tafa masa. Na daɗe ina wannan aiki, na ga ƙwayoyin lantarki sun ƙone, na ga famfuna sun mutu a tsakiyar bazara, amma ban taɓa ganin an yi wa asara guɗa ba sai ranar. Ku da kuka shigo atelye, ɗakin aikinmu, bana ku saurara, don labarin na aikinku ne.

A lokacin ni ne shugaban atelye a wata ƙungiya mai zaman kanta a Tasawa. Aikinmu famfunan foraj, wato rijiyar burtsatse, masu amfani da hasken rana, daga nan har ƙauyukan Mayahi. Tsakanin fanon da ke shan rana a sama da famfon da ke can ƙarƙashin ƙasa akwai wani akwati, a cikinsa akwai kart, wato ɗan koren allon nan da ake lilliƙa wa ƙwayoyin lantarki. Shi ke daidaita wuta, shi ke tsayar da famfo idan ruwa ya ja baya a rami. Waɗanda ake kawo mana daga waje ba su jure zafinmu, kullum muna kan hanya muna gyara. Sai ƙungiya ta yanke shawarar mu zana namu kart ɗin, a buga mana a waje, mu liƙa ƙwayoyin a nan.

Ga wanda bai san aikin ba, kowace ƙwaya tana da ƙafafu, kowace ƙafa kuma tana da suna da lamba. Kafin ka sa ƙwaya cikin zanenka a ordinater, wato kwamfuta, sai ka ba lojisiyel, manhajar zanen, abu biyu. Na farko alama, wani ɗan murabba'i da ƙafafu suka fito masa ta gefe, da shi ake zana hanyar da wuta za ta bi. Na biyu sawu, da Faransanci amprant, wato ainihin wurin da ƙwayar za ta zauna a kan kart, da girman kowace ƙafa da tazarar da ke tsakaninsu. Kamfanin da ya ƙera ƙwayar yakan ajiye duka biyun a shafinsa na intanet. Kai dai ka sauke su, ka shigar da su ma'ajin lojisiyel, wanda muke kira bibliyotek. Abin da ke haɗa alama da sawu lamba ce kawai. Ƙafa ta bakwai a alama ita ce ƙafa ta bakwai a sawu. Lojisiyel ba ruwansa da suna, ba ya kuma tambayar abin da ka nufa.

A kan alama, kamfani ba ya jera lambobin bi da bi. Yana jera ƙafafun ne bisa aikinsu: masu karɓar wuta a sama, masu shigo da saƙo a hagu, masu fitarwa a dama. Shi ya sa za ka ga sha biyu kusa da uku, ashirin a ƙarƙashin biyar. Duk wanda ya yi wata guda a atelye ya san haka abin yake.

Wadda aka ba zanen ita ce Barira, 'yar Urafane, wadda ta gama karatun lantarki a Maraɗi ta zo mana staj, wato koyon aiki. A gidansu ita kaɗai ta yi karatu mai nisa. Mahaifinta manomin gero da wake ne. An faɗa mata tun ranar da ta zo cewa gurbi ɗaya ne na dindindin a atelye, kuma wannan kart ɗin shi ne jarrabawarta. Idan ya yi aiki, Direkta zai sa hannu a takardarta a ɗauke ta. Idan bai yi ba, ta koma gida. Na sha aiki da 'yan staj, yawancinsu duk abin da ka faɗa sai su gyaɗa kai, ko da ka ce musu rana daga yamma take fitowa. Barira ba haka take ba. Takan yi mini gardama a kan tazarar da ba ta kai faɗin gashi ba, ta ɗauko takardar bayanin ƙwaya ta ɗora yatsa a kan layin. Wani lokaci raina yakan ɓaci, amma na fi son haka sau dubu, don gardamarta ta sha raba mu da kunya.

Direktanmu kuwa Mushe Lawali ne (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan boko na wajenmu), tsohon shugaban lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, aka ɗauko shi don ya iya magana da manyan baƙi. Wannan kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalarsa ɗaya: a ganinsa, duk takardar da ta bi ta teburinsa ta fita ba tare da jan bik, bironsa na gyara, ya taɓa ta ba, to an raina shi. Ba shi kaɗai ba ne, haka manyan buro, wato shugabannin ofis, da yawa suke a wajenmu. Shugaba ba ya cewa aiki ya yi kyau ya miƙo maka. Dole ya gyara wani abu, ko da waƙafi ne, don a san ya yi aiki. Na taɓa kai masa takardar neman esans, man mota, ya mayar mini saboda kwanan watan ya karkata zuwa hagu. Abin da ya ƙara lalata al'amarin, an taɓa aika shi Yamai wani ɗan gajeren horo kan ordinater, ya dawo da takardar shaida ya rataye a bango. Abin da ya koyo bai wuce ya danna abu sau biyu ya buɗe, ya goge, ya rubuta wani ba. Da bai koyo ba da mun huta.

Shi ya kafa mana doka cewa kowane mataki na zanen sai ya sa masa biza, wato hannun amincewa: bibliyotek biza, zanen hanyar wuta biza, shimfiɗar kart biza. Na ce masa waɗannan ba takardun buro ba ne, ya bar mana su. Ya ce mini gidan da ba tsari ba gida ba ne, kuma shi ba a kawo shi don ya yi ado ba.

Babbar ƙwayar kart ɗin, wadda ke sarrafa komai, ƙafafunta sun haura ashirin. Barira ta sha wahala kafin ta sauke fishiyenta, wato fayil ɗinta, daga shafin kamfani, don rezon intanet na atelye sai ya ɗauko ya yanke. Ƙarshe sai da ta tafi kusa da tasha da wayarta, inda rezo ya fi ƙarfi, ta sauke ta kawo. Muka zauna tare muka shigar da alama da sawu cikin bibliyotek. Ba mu yarda da su ido rufe ba don kawai daga kamfani suka zo, domin kamfani ma yakan yi kuskure. Ta riƙe takardar bayani tana karanta suna da lamba, ni ina dubawa a ordinater, ƙafa bayan ƙafa har muka ƙare. Sannan ta buga sawun a takarda daidai girmansa, ta ɗauko ƙwayar da ɗan hantsaki ta ɗora a kai. Kowace ƙafa ta zauna a gurbinta cif. Aiki ya yi kyau, ba abin da za a ƙara masa.

Sai aka ɗauki ordinater aka kai buron Direkta don biza. Ta kwana biyu a can. Da ta dawo, akwai 'yar takarda manne a jikinta da jan bik, an rubuta da Faransanci cewa an gani, an gyara. Na je na tambaye shi abin da ya gyara. Bai ko ɗago kai ba ya ce 'yan ƙananan abubuwa ne na tsari, kada in damu. Muka ɗauka irin nasa ne na kullum, kuma lalle da muka buɗe mun tarar ya ƙara girman sunan ƙungiya a ƙasan shafi, ya sa nasa sunan a ƙarƙashi. Duk da haka Barira ta sake auna sawun, tunda nan ne ɓarna ta fi shiga, ta ga bai motsa ba. Ta dubi alamar, kowane suna yana inda yake. Ba wanda zai kawo a ransa cewa mai hankali zai zauna ya bi ƙananan lambobin nan ɗaya bayan ɗaya ya sake su.

Ta zana hanyoyin wuta tana bin sunayen ƙafafu, kamar yadda kowa ke yi. Ta shimfiɗa kart, ta ja layukan tagulla. Lojisiyel yana da wani bincike da yake yi a ƙarshe, ya faɗa maka ko akwai layin da ya taɓa ɗan'uwansa ko ƙafar da aka manta. Muka sa shi ya bincika, ya ce babu kuskure ko ɗaya. Gaskiyarsa ne, don shi abin da aka ba shi yake bi. Direkta ya sa sauran bizar, muka aika fishiye ta hannun wani ɗan kasuwa mai hulɗa da Kano, shi kuma ya tura can ƙasar waje inda ake bugawa.

Kafin ma kart ya baro can, Mushe Lawali ya riga ya sa ranar buɗe famfo. Ya aika wa magajin gari goron gayyata, ya sa an gaya wa maigari, an sayi rago. Mutanen ƙauyen sun daɗe da foraj a haƙe da shato, tankin ruwa, a tsaye, akwatin kawai suke jira. Matansu suna tafiya mai nisa cikin rairayi da jakuna don ɗebo ruwa. Kaya suka makale a hanya, ba su iso ba sai ana gobe biki. Muka liƙa ƙwayoyin a gurguje, muna gamawa aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwar, ba halin gwaji. Na shiga wurinsa na ce a ɗaga bikin ko da kwana kaɗan ne, ba a kunna sabon kart karon farko a gaban jama'a. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce an riga an gayyaci manya, kuma ma ya fi dacewa babban baƙo ya zama shi ne farkon wanda zai kunna, haka ladabi ya tanada. Da na nace, sai ya tambaye ni ko ban yarda da aikin atelyena ba ne.

Washegari muka kama hanyar rairayi da motarmu kat-kat, ni da Barira da direba da sakatariya da Malam Hamisu kontabul mai riƙe kuɗin ƙungiya, Direkta a gaba da babbar riga. Mun tarar ƙauye ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, makaɗa suna ta aiki. Mata sun jera bido, wato jarkoki, da kwanoni tun daga bakin famfo har bayan masallaci. Muka ɗaura akwatin, muka haɗa wayoyi. Barira ta ɗaura sabon zane, fuskarta a sake, don ta san abin da ta zana. Aka yi addu'a, maigari ya yi godiya, wakilin magajin gari ya yi nasa jawabin, ya je ya tsaya kusa da akwatin yatsansa a kan maɓalli. Sannan aka miƙa wa Direkta lasifika.

Ya yi magana mai tsawo a kan ci gaba da kishin ƙasa, ina saurare da kunne ɗaya. Can sai na ji ya ce:

"Jama'a, wanga akwati da kuke gani aikin ɗiyan ƙasa ne. Kuma in hwaɗa maku, ko masu kamfanin can waje, aikinsu a hargitse ya zo mana. Lambobi kamar an watsa ma kaji hatsi, sha biyu kusa da uku, ashirin bayan biyar. Ni da kaina na zauna na jera su, ɗaya, biyu, uku, kamar yadda ake jera ɗiyan lakwal da sahe."

Aka kaure da tafi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.  Na juya na kalli Barira, na ga ta riga ta miƙe tsaye, bakinta a buɗe. Na ɗaga murya na ce a dakata, kada a kunna. Direkta ya yi mini alama da hannu in zauna, irin yadda ake yi wa yaron da ya tashi fitsari ana tsakiyar darasi, ya juya ya ce wa baƙo bismillah. Mutumin ya danna.

Ba wata babbar ƙara aka ji ba. Ɗan tas kawai, sai siririn hayaƙi ya fito ta ramukan akwatin, ƙaurin roba ya biyo baya. Makaɗa suka ci gaba na ɗan lokaci don ba su gane ba, sannan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mata suna ta kallon bakin famfo. Maigari, dattijon kirki, ya ce Allah ya sa hakan shi ne alheri. Ragon dai an ci shi, Direkta ma ya ci da kyau. Matan suka kwashe bidonsu suka ɗora wa jakuna, suka nufi tsohuwar hanyarsu. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Da muka dawo Tasawa na buɗe alamar na ɗora ta kusa da takardar bayani. Abin da ya faɗa da bakinsa shi ne ya yi, bai ƙara ba bai rage ba. Ya bar sunaye a wurinsu, ya sake lambobin daga sama zuwa ƙasa, a jere tsaf, gwanin sha'awa. Saboda haka layin da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi ya sauka a kan ƙafar da aka yi don ɗan ƙaramin saƙon ma'aunin ruwa. Ba ƙwayar da za ta jure wannan. Duk kart ɗin da aka bugo mana, ba guda ɗaya mai amfani.

Aka kira raniyo, wato taron ma'aikata. Direkta ya zauna a kan tebur da fuskar ta'aziyya, ya ce an kunyata ƙungiya a gaban hukuma, kuma bincikensa ya nuna cewa laifin na 'yar staj ne, tunda ita ta zana. Na tashi na ce ba sai an yi wani bincike ba, ai a gaban ƙauye guda ya faɗi abin da ya faru, da lasifika. Na juya na tambayi waɗanda muka je tare. Nan na ga abin mamaki. Malam Hamisu ya ce shi lokacin ya je duba masu dafa abinci. Direba ya ce lasifikar tana ƙara, bai ji sosai ba. Sakatariya ta duƙar da kai tana gyaran mayafi. Mutanen da suka fi kowa tafi a wurin, yau duk sun kurumce.

Shi kuwa bai ma musa ba, nan ne abin ya fi ci mini rai. Ya ce, "Lamba na gyara, ban taɓa waya ba. Lamba ke ƙona akwati?" Na jawo ordinater zan nuna masa yadda lamba ke jan waya, ya ɗaga hannu ya ce shi ya koyar da mutane shekara da shekaru, ba a buronsa za a yi masa darasi ba. Sai ya kawo wata hujjar: in ma har gyaransa ne, aikin ma'aikaci ne ya sake duba komai bayan biza. Na tambaye shi, to mene ne amfanin bizar, idan bayan shugaba ya amince sai ƙarami ya bi sawunsa yana neman ɓarnar da ya yi? Na ce da ta zo ta ce masa za ta duba aikinsa, da ranar zai kore ta don rashin kunya. Ya ce in kula da harshena. Ya rufe taro da cewa ba zai sa hannu a takardar Barira ba sai ta amsa laifinta a gaban kowa.

Barira ta tattara takardunta ta fita. Da muka koma atelye na ce mata kada ta yarda, ni zan rubuta mata shaida da hannuna, in faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ta yi mini godiya, sannan ta tuna mini abin da na sani: hannun shugaban atelye ba ya ɗaukar mutum aiki, ba kuma inda za ta kai takardar staj da babu hannun Direkta a kalle ta. Ta ce duk da haka ba za ta amsa abin da ba ta yi ba. Na ji daɗin wannan maganar ƙwarai, har na fara tunanin wanda zan kai wa ƙara a cikin manyan ƙungiya.

Ashe Malam Hamisu ya riga mu. Shi a ganinsa taimako ya yi. A wajenmu idan ƙarami ya sami saɓani da babba, ba a tambayar wa ke da gaskiya, dattijo ake nemowa ya je ya ba da haƙuri, magana ta mutu. Sai ya nemi lambar wani ɗan'uwansu ya aika saƙo Urafane cewa 'yarsu ta yi wa ƙungiya ɓarna, aikinta yana lilo, a zo a roƙa. Ranar kasuwa da hantsi sai ga mahaifinta a bakin ƙofa, ya sauko daga motar kasuwa, ƙura har gira, da ɗan buhun wake a kafaɗa. Barira ta gan shi ta tagar atelye, abin da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Ta fita ta tare shi tana ƙoƙarin yi masa bayani, ya ce mata ta yi shiru, shi ba sauraron shari'a ya zo ba.

Direkta ya sa aka tara mu duka a buronsa, don irin wannan ba ya son a yi ta a ɓoye. Tsohon ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. An nuna masa kujera ya ƙi. Ya ajiye waken a gefe, ya durƙusa a kan siminti gaban teburin, mutumin da ya girmi Mushe Lawali nesa ba kusa ba.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "ni ban san mi ta ɓata ba, ban yi lakwal ba. Amma tunda kun ce ta ɓata, ta ɓata. Ɗiyarku ce, ku yi haƙuri."

Na buɗe baki zan yi magana, tsohon ya juyo ya roƙe ni da hannu biyu in bar shi ya gama abin da ya kawo shi. Me zan ce masa? In fara koya masa alama da sawu yana durƙushe? Direkta ya bar shi a ƙasa ya yi dogon jawabi a kan tarbiyya da yadda yaran yanzu suka ɗauki karatu ya fi biyayya. Sannan ya ce shi uba ne, ba ya riƙo, amma yana son ya ji daga bakinta. Barira ta kalli mahaifinta.  Sai ta durƙusa kusa da shi.

"Ku gahwarce ni, Mushe. Laihina ne."

Ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Ya jawo takardar ya sa hannu da jan bik ɗinsa, ya buga hatimi, Malam Hamisu yana ta sa albarka. Tsohon ya tashi yana godiya har da ƙwalla, ya tafi gida da farin cikin cewa ya ceto aikin 'yarsa. Waken ma Direkta ya karɓa, ya sa direba ya kai masa gida.

An ɗauki Barira aiki. Muka goge alamar da aka lalata, muka sake shigar da ta kamfani, ta sake zane, aka sake bugowa. Wannan karon na ɓoye kart ɗin na gwada shi a atelye kafin kowa ya san ya iso. Ruwa ya zo a ƙauyen bayan damina ta riga ta sauka, lokacin da buƙatar ta ragu. A rahoton shekara an rubuta cewa an sami ɗan jinkiri saboda ƙarancin ƙwarewar sababbin ma'aikata, amma jajircewar shugabanci ta shawo kan matsalar.

Bayan wasu watanni muna zanen wani kart na firjin ajiye magani, ordinater ta sake zuwa biza ta dawo. Tun daga waccan ranar ni ba na barin komai, sai na bi fishiye layi-layi. Na tarar ya matsar da ramukan wani sawu don su yi daidai da na kusa da su, wai sun fi kyau a jere. Da an buga haka, ƙwayar ba za ta shiga ba. Barira ce ta karɓi ordinater daga buronsa, ta yini a kanta kafin ni, kuma idonta ya fi nawa. Na kira ta na nuna mata, na tambaye ta ko ta gani.

"Na gani, Shef."

"To mi ya hana ki magana?"

Ta ci gaba da goge bakin ƙarfen liƙi da soso, ba ta kalle ni ba. "Baba ya tsuhwa," in ji ta. "Ba ni son a sake kiran shi."

Na gyara sawun da kaina. Mushe Lawali daga baya an ɗaga shi zuwa wani babban matsayi a Yamai, na ji har yanzu yana ba da labarin yadda ya kafa atelyen lantarki a Tasawa. Barira tana nan, ku kuna ganinta kullum a teburin kusa da taga, ba wanda ya kai ta iya aiki, ba kuma wanda a cikinku ya taɓa jin ta musa wa kowa.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, a sana'armu ba kamfani ke tsare kart ba, ba lojisiyel ba, ba biza ba. Abin da ke tsare shi mutum ne da zai dubi abu ya ce wannan ba daidai ba ne, ko wa ya yi shi. Irin wannan mutumin ya fi kowace ƙwaya wuyar samu a ƙasar nan, kuma mun sami guda. Kart ɗin da ya ƙone mun sake bugo shi cikin 'yan makonni. Ita kuwa mun tara mutane a buro mun kashe mata baki a gaban mahaifinta, muka kira abin ladabi, har yau ban ga inda ake bugo wani ba.